Wadatar zuci ce, ko dai mun saba da wahala ne?

Ɗan Jahun:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya min a rai, na ce bari in kawo ta nan ko a samu mai warware min.

Shekara 6 na yi a Abuja ina aikin gini, daga leburanci har na koyi ɗaurin rodi. Bara aiki ya tsaya, ɗan kwangilar da muke ƙarƙashinsa ya riƙe mana kuɗin wata 3, har yau shiru kake ji. Na tattaro 'yan komatsaina na dawo ƙauyenmu nan bayan Jahun. Tun da na dawo ba ni da sukuni. Dare ya yi sai juyi a kan tabarma ina lissafi: wane sa'ana ne ya yi gida, wane ya sayi mota, ni ga ni ina jiran tuwon Inna.

To shekaranjiya da azahar na taso daga gona, rana kamar ta fasa kai. Na tarar da Inna a gindin darbejiya tana tsinkar zogale. Da yake ni ne auta ba ta kunyata, ta miƙe ta ɗebo min ruwa a randa. Na ɗaga moɗar na shanye, na dire, ban ce komai ba. Ita ma ta ɗebo rabin moɗa, ta koma ta zauna, ta yi bisimilla, ta sha a hankali. Sai ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdulillahi. Kai, randar nan akwai sanyi." Wallahi fuskarta kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Randar nan fa tun ina firamare take, bakinta ma a ɓantare.

Ruwa ɗaya muka sha, ita ta ji daɗi, ni ban ji komai ba. Shin abin nan na Inna shi ne wadatar zucin da ake faɗa, ko kuwa ta saba da wahala ne har ta daina hangen abin da ya fi? In kuma wadatar zuci ce, koyonta ake yi ko da ita ake haifar mutum?

Baban Khalifa:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Ƙanina, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kana da uwa a raye tana miƙo maka ruwa da hannunta, wasunmu sai dai mu kai ziyara maƙabarta.

Talaka Bawan Allah:
A yi min afuwa, ni zan ɗan saɓa. Da wannan kalmar ta "godiya" aka daɗe ana toshe mana baki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ya ƙara tayar da injin ban ruwa hankali kwance? Ka ce fetur ya yi tsada, a ce ka gode Allah. Ka ce babu magani a asibitin gari, a ce ka gode Allah, wani ma bai kai asibitin ba. Masu faɗa maka haka kuwa ruwan gora suke sha, ba na randa ba. Ɗan Jahun, rashin barcin nan naka ba rashin godiya ba ne. An ci maka gumin wata 3 ne, shi ke nan.

Malam Na Tsangaya:
Talaka, ka faɗi gaskiya amma ka haɗa hanya biyu wuri ɗaya. Godiya tsakaninka da Ubangijinka ce, haƙƙi kuma tsakaninka da wanda ya danne maka. Ɗaya ba ya soke ɗaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya ce mu dubi na ƙasa da mu kada mu raina ni'imar Allah, shi ne kuma ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Duk malamin da ya karanta maka na farko ya ɓoye na biyu, rabin karatu ya ba ka.

Abin da Inna ta yi kuwa yana cikin hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Allah yana yarda da bawan da zai ci loma ya gode masa, ya sha kurɓi ya gode masa. Kurɓi aka ce, ba tanki ba.

Ɗan Jahun, ka nemi abokan aikinka da aka riƙe wa kuɗi, ku haɗu ku bi haƙƙinku ta hanyar hukuma. Kana bi kana shan ruwan randar.

Talaka Bawan Allah:
Allah gafarta malam, da haka ake wa'azin a ko'ina ai da ban yi magana ba.

'Yar Auyo:
Ni ban iya jawo hadisi ba, abin da ya same ni zan faɗa.

Ambaliyar 2022 cikin dare ta shigo mana. Ƙarar faɗuwar katangar maƙwabta ce ta tashe mu, na sauko da ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa. Goyo na ɗauka, maigidan ya saɓa babban a kafaɗa, ko takalmi ban tsaya nema ba. Rumbu biyu muna ji muna gani suka zauna. A ajin makarantar firamare muka yi kusan wata guda, gida 5 a aji ɗaya, an raba da zannuwa.

Abin da ba zan manta ba shi ne ashana. Kwana biyu na farko komai a jiƙe, ga ɗan garin da aka kawo mana taimako, ga tukunyar aro, amma babu abin kunna wuta. Wata tsohuwa da muke aji ɗaya ta kwance bakin zaninta, ta fito da kwalin ashana a ƙulle cikin leda, tsinke 4 ne a ciki. Duk muka zagaye ta muka kare iska da jikinmu. Na farko ya karye. Na biyu ya kama. Wallahi yadda mata suka ɗau guɗa sai ka ce amarya aka kawo.

Da za a ce min kafin ranar zan yi hawaye saboda tsinken ashana, cewa zan yi mai maganar ya taɓu. Yanzu duk asuba in na ƙyasta ta kama, sai na ji wani abu a ƙirjina. Ban koya ba, ruwa ne ya koya min. Kuma ba na yi wa kowa fatan irin makarantar da na shiga.

Baban Khalifa:
Allahu akbar. Allah ya mayar da alheri, Hajiya.

Direban Hadeja:
Na ga wannan shekarar da idona. Hanya ta yanke, fasinja sai a sauke su su hau kwalekwale, mu jira su a ɗaya gefen. Allah kada ya maimaita.

Manomin Kadawa:
Ni sharon ce ta koya min, tsutsar nan da ta cinye tumatir a 2016. Gona kore shar yau, bayan 'yan kwanaki kamar an bi ta da wuta. Na zuba feshi har na gaji. Daga shekarar, in na shiga gona da safe na juya ganye na ga bayansa tas, ina jin daɗin da ko ranar ciniki ba na jin irinsa.

Af, tunda an taɓo noma, wa ya san yadda yuriya take a Kura wannan satin?

Ɗan Bunkure:
Ta sauka kaɗan amma ka duba ɗinkin buhun da kyau, ana ta kuka da gauraye.

Shugaban Zaure:
Jama'a, maganar taki a kai ta zauren noma. Nan tambayar Ɗan Jahun ake amsawa.

Maman Biyu:
To ni kuma bari in taɓo inda yake min ƙaiƙayi, iyayen gida ku yi haƙuri. Duk ana ta yabon Inna ta gode wa Allah. Madalla. Amma Ɗan Jahun, da bakinka ka ce ta miƙo maka ruwa ka shanye ka dire ba ka ce komai ba. Ruwan nan da ƙafarsa ya shiga randar? Wani ne ya je famfo ya bi layi, ya tuƙa, ya ɗoro a ka.

Haka kuke yi mana. Mace ta surfa, ta wanke, ta kai niƙa, ta tankaɗe, ta sha hayaƙi ta tuƙa, ta kaɗa miya. Maigida ya zauna ya share kwano, ya yi gyatsa ya ce alhamdulillahi, ya sa takalmi sai majalisa. Allah ya samu tasa godiyar, ita kuwa ko sannu. Shekarata 14 da aure, ranar da maigidan ya ce min "miyar nan ta yi daɗi" zan iya faɗa muku ranar, Talata ce, miyar kuɓewa busasshiya.

Direban Hadeja:
Hajiya, a garinmu ka ce wa iyali sannu da aiki a gaban mutane, gobe a majalisa sunanka mijin-ta-ce.

Maman Biyu:
Wa ya ce a gaban mutane? Ɗaki ba shi da ƙofa ne?

Malam Na Tsangaya:
Maman Biyu ta kama mu, ni ma ban tsira ba. Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, hadisi ne, muna karantar da shi da rana mu manta shi da daddare.

Uwar Marayu:
Ni ta ɗaya gefen zan faɗa. Marigayi ba mai yawan magana ba ne, ban taɓa jin ya yabi girkina ba. Amma duk ranar kasuwa sai ya dawo min da ƙullin goro da ɗan tsire a takarda, ya ajiye a kan gado ya fita kamar ba shi ya ajiye ba. Lokacin har mita nake, ina cewa mazan wasu atamfa suke kawowa. Shekara 3 ke nan ranar kasuwa tana zuwa tana wucewa.

Ɗan Jahun:
Maman Biyu, na karɓi laifina. Yarinyar yayana ce take ɗebo ruwan, ban taɓa tunanin abin ba sai yanzu. Uwar Marayu, Allah ya jiƙansa ya raya abin da ya bari.

Dattijon Ringim:
Jikana ne yake rubuta min, ni ido ya yi rauni. Yaro, tambayarka ita ce ko mahaifiyarka ta daina hangen abin da ya fi. Ni ina ganin ba gaba take kallo ba lokacin da take shan ruwan nan, baya take tunawa.

Ku yaran yanzu ba ku san kurkunu ba. Mu da ruwan tafki muka tashi, wanda shanu suke sha mu ma mu sha, sai dai a tace da bakin zani in an samu hali. Damina ta faɗi, lokacin da ake buƙatar kowa a gona, sai ka ga ƙato kwance ƙafa ta kumbura. Tsutsa ce fara kamar zare take fitowa, yawanci ta wajen idon sawu. A samu ɗan tsinke a naɗe kanta, kullum a ja kaɗan, in ka yi garaje ta tsinke a ciki ka shiga uku. Sai mutum ya yi wata yana jinya, gonarsa ciyawa ta cinye. Akwai shekarar da mu 3 a gidanmu muka kwanta lokaci ɗaya. Sai da aka zo da rijiyoyin burtsatse da matatar ruwa aka yi ta wayar da kai sannan abin ya ja baya, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Najeriya.

Farin 1973 kuma ina saurayi. Na ga an haƙa gidan tururuwa ana neman hatsin da ta tara. Wanda ya ga wannan, in ya ga tuwon dawa da miyar kuka a gabansa ba abu kaɗan yake gani ba.

Ka je ka duba ƙafar mahaifiyarka, in sa'ar ƙannena ce da wuya ka rasa tabo.

Malamin Firamare:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ita ce amsar a ganina. Ma'aunin kowa daban. Inna tana auna ruwan randa da ruwan tafki, Ɗan Jahun yana auna shi da firjin da ya gani a Maitama.

Kuma wayar nan ta ƙara dagula lissafin. Da, wanda za ka yi hange a kansa bai wuce mai shanun huɗa biyu a garinku ba, kuma ka san shi, ka san bashin da ke kansa, ka san matarsa ba ta da lafiya. Yanzu yaro yana kan jaki zai kai taki gona yana kallon TikTok, wani yana zuba kuɗi a bikin da ba a gayyace shi ba. Motar kawai yake gani, ba ya ganin ko ta aro ce. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne, amma yana hana mutum ganin garinsu.

Talaka Bawan Allah:
Baba Dattijo, na ji kuma na girmama. Amma a duba min nan. Kurkunun nan godiya ce ta kore shi? Ba mutane ne suka ce ba su yarda a ci gaba da shan ruwan tafki ba? Da kowa ya ce alhamdulillahi ya koma ya kwanta da har yau ana naɗe tsutsa a tsinke. Famfon unguwarmu wata 5 ke nan da lalacewa, an kai kuka har an gaji, mata sun koma rijiyar bayan gari. In yi godiya a kan me a nan?

Dattijon Ringim:
Yaro, ai wanda ya san darajar famfon shi ne ba ya bari ya kwana a lalace. Ku nawa ne a unguwar?

Baban Khalifa:
Namu da ya lalace karo-karo muka yi, kowane gida abin da ya sawwaƙa, masu sayar da ruwa a kura suka ba da kaso mafi tsoka tunda sana'arsu ce. Roba ce kawai ta cinye a ciki da sanda ɗaya da ta tsage. Ka fara kiran mai gyara ya buɗe ya gani, wataƙila abin bai kai yadda kuke tsoro ba.

Talaka Bawan Allah:
Haka ake so ai, mu yi ta yi wa kanmu aikin da aka karɓi kuɗinsa da sunanmu. Amma turo min lambar mai gyaran ta akwatin sirri.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Akwai abin da kowa ya tsallake a rubutun Ɗan Jahun. Ya ce ba ya barci, ya ce ba ya jin daɗin komai. Ɗan'uwa, tun yaushe? Abinci fa, kana ci kamar da? Kana zama cikin mutane ko ka fi son kaɗaici? Ina tambaya ne don akwai ciwon damuwa, ciwo ne kamar hawan jini, kuma daga alamominsa akwai mutum ya daina jin daɗin abin da da yake jin daɗinsa. Irin wannan in ka ce masa "ka gode Allah" sai ka ƙara masa nauyi, ya ga kamar imaninsa ne ya samu matsala. Ban ce shi ke damunka ba, ba a gane ciwo ta waya. Amma in abin ya wuce sati biyu yana nan kullum, ka je ka ga likita ka faɗa masa yadda ka faɗa mana. Ba sai abu ya kai ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ake neman taimako ba.

Ɗan Bunkure:
Anti, wannan ciwon na masu kuɗi ne. Talaka ina ya ga lokacin damuwa? Rashin tawakkali ne kawai.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Ƙanina, waɗanda nake gani a layi kullum babu mai mota a cikinsu. Da ciwon kai da ciwon jiki suke zuwa, sai an zauna da su ake gane inda abin yake.

Malam Na Tsangaya:
Ɗan Bunkure, a janye wannan. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, wa zai ce ba shi da tawakkali?

Direban Hadeja:
Bari in ɗan sauƙaƙa zauren. Lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, na kwana a Gujungu da kuɗi a asusu amma ko naira 100 babu a aljihu. Yunwa kamar ta kashe ni. Wata Bafulatana mai fura ta ga ina ta zagaye ƙwaryarta kamar kaza, na ce zan tura mata ta waya, ta ce ita ba ta san wannan ba. Ta dama min dai, har da ƙarin nono, ta ce in na dawo na biya. Na sha furar nan a tsaye a jikin mota. Na ci abinci a manyan wurare a Kano da Kaduna, babu wanda ya zauna min a baki kamar ita. Sati biyu ina nemanta kafin na same ta, har ta manta.

Talaka Bawan Allah:
Tunda kowa ya faɗi nasa, kada a ce ni dutse ne. 'Yata ta uku shekararta 4. Duk yamma in ta hango ni daga gona sai ta sheƙo da gudu ta karɓi fartanya, fartanyar ta fi ta tsawo, tana ja tana tangaɗi, ba ta yarda kowa ya taya ta. Wannan ɗan lokacin ba na tuna farashin komai. Amma tana ajiyewa nake tunawa, kuma ina nan a kan bakana.

'Yar Auyo:
Malam Talaka, ai ba a ce ka sauka ba. Ni ma da nake murnar ashana har yau ina tambayar ranar da za a share ciyawar kachalla da ta toshe kogin nan.

Ɗan Jahun:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin zai yi nisa haka ba. Anti Ma'aikaciya, abinci ina ci, barcin ne dai. Zan shiga Jahun ranar Litinin in ga likita. Malam, na kira mutum 2 cikin abokan aikina, ɗaya ya ce yana da hoton takardar da muke sa hannu.

Jiya bayan magariba na zauna kusa da Inna tana gasa mana tumu, geron gonar bayan gida ya fara nuna. Na duba ƙafarta yadda Baba Dattijo ya ce. Tabon yana nan a idon sawun hagu, kamar an ɗora kwabo. Shekarata 31 ban taɓa lura ba. Ta ce tana goyon babban yayanmu ta yi shi.

Sai na yi mata tambayar da na yi muku. Ta dube ni kamar na yi Turanci, ta ce, "Wace irin magana ce wannan? Ruwa da sanyi na ce da sanyi." Na ce to ba ki son abin da ya fi haka? Ta murje tumun a tafin hannu, ta hure, ta zuba min a nawa, ta ce, "Wa ya faɗa maka? In ɗan kwangilar nan ya biya ka, kwanon ɗakina za ka fara canzawa, na gaji da tara kwanuka in ana ruwa. Kuma ina son tunkiya."

Maman Biyu:
Ka ce mata sannu dai?

Ɗan Jahun:
Na ce. Ta tambaye ni ko lafiya.

Manomin Kadawa:
Ni dai duk kun sa min kwaɗayin ruwan randa, tamu yara sun fasa tun bara muka koma jarka. Direba, in ka bi ta Gujungu ranar Lahadi ka duba min madaidaiciya, ka ƙwanƙwasa ka ji tana ƙara kafin ka biya.

Direban Hadeja:
Ba na ɗaukar randa a bayan mota, hanyar nan ba ta barin ƙwai ma. Sai dai in za ka biya mata kujera.